Ranar da Ya Zauna a Kujerarta

"Ke dai akwai taurin kai! Wa ya taɓa zuwa kotu ba lauya?" Gwaggo ta faɗa tana haki a kan matakalar bene.

"Gwaggo, bakina fa ƙalau yake..."

"Wane bakin? Wanda ko ciniki bai iya ba?"

Maman Nana ta san ba ƙarya aka yi mata ba. Tela ce, taka keke ta iya, ba tsayuwa gaban alƙali ba. Ga shi yau za a saurari ƙarar da ta shigar tana neman a raba aurenta da Baban Nana, direban babbar mota, mutumin da sai ya share wata a hanya, in ya dawo kuma ka rantse da awo ake ba shi magana.

Masinjan kotu ne ya tsinci zancen nasu.

"Ba ku da lauya? Ku shiga ɗakin can na ƙarshe, akwai lauyoyin sa-kai. Ba sa raka mutum gaban alƙali, amma suna koya masa yadda zai tsaya da ƙafarsa."

"Je ki, ni tawa ƙafar ta ƙi," in ji Gwaggo, ta zube a benci.

Ɗakin ɗan tsukut ne, fanka sai kuka take, an raba shi biyu da falankin da bai kai rufi ba. Kowane ɓangare da tebur da kujerun roba suna kallon juna. Wata matashiyar lauya mai tabarau ta tarbe ta da fara'a, ta saurare ta tsaf, sannan ta shiga yi mata bayani: da alƙali za ta yi magana ba da mijinta ba, kada ta katse kowa, kuma ta fara da abin da take so kotu ta yi mata.

"To, yanzu tashi ki koma waccan kujerar."

"Me wannan ɗin ta yi?"

Lauyar ta yi dariya. "Waccan ta mijinki ce. Haka muke yi a nan. Kowa sai ya zauna a kujerar ɗaya ɓangaren, ya faɗi abin da yake zaton za a faɗa a kansa, don kada ya ji shi katsam a gaban alƙali ya rikice. Ki zama shi, mu ji."

Ikon Allah! Maman Nana ta koma, ta gyara zama, ta buɗe baki... To me zai ce? Shekara da shekaru suna kwana ɗaki ɗaya, amma ko kalma ɗaya ta kasa sa masa a baki. Abin ya ba ta mamaki fiye da yadda ya ba ta haushi.

"Ai shi... ba ya cewa komai."

"Ki dai ƙara tunani. Bari in leƙa ko an kusa kiranku."

Fitar lauyar ke da wuya ta ji tari daga bayan falankin. Ko cikin kasuwa ta ji wannan tarin ta san mai shi. Ashe shi ma ba lauyan gare shi, shi ma nan aka turo shi!

"Malam, koma kujerar matarka," ta ji muryar wani lauya namiji. "Ka zama ita."

Ta san laɓe ba kyau, ta san kamata ya yi ta tashi. Amma fisabilillahi, wace mace ce za ta tashi? Sai ma ta ƙara matso da kunne. Yau dai za ta ga yadda kurma zai kwaikwayi mai surutu.

Can sai muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe... mijina ba mugu ba ne, amma zama da shi kamar zama da bango ne. In ya yi tafiya ba ya kira sai na kira. In na ɗinka sabon kaya na sa, sai ya kalla ya kau da kai. Ranar da Nana ta fara tafiya na ba shi labari a waya, cewa ya yi 'to, madalla'..."

Ta dafe baki. Har yadda take jan "ranka ya daɗe" ɗin nata ne sak!

"Ranar da cikina ya zube yana hanya. Ni kaɗai na kai kaina asibiti. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce min sannu, ya juya ya fita wai zai duba mota. Tun ranar na daina jiran sa."

Ashe yana ji? Duk surutun da take yi yana ɗaure takalmi, duk kukan da take zaton ya yi barci bai ji ba, ashe tarawa yake?

"Madalla," in ji lauyan. "Yanzu dawo kujerarka ka ba ta amsa."

"Ba ni da amsa. Gaskiya ta faɗa."

"Dole ka ce wa alƙali wani abu, Malam. Me ya fitar da kai ranar?"

"Ba mota na je dubawa ba... Shiga na yi na rufe gilashi na yi kuka har na gode Allah. Na ga in na yi a gabanta, wa zai rarrashi wani? Mu a gidanmu ba a koya mana magana ba. Yayata ta ce in nemi a ba ni Nana, ni kuwa ba zan raba 'ya da uwarta ba. In ta ce rabuwa take so, a ba ta. Amma wallahi ni ina son matata, ban dai san ta inda ake farawa ba."

Ba ta san sanda ta zagaya falankin ba. Yana ganinta ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi.

"Baban Nana... shi ne sai a gaban baƙo?"

"Ke... tun yaushe kike nan?"

"Tun daga 'ranka ya daɗe'!" Hawaye na zuba, dariya na neman ƙwace mata. "Kuma ni ban taɓa ce maka bango ba."

"Kin faɗa, rabin raina. Kina wanke-wanke."

Lauyan ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya dafe kai. "Subhanallahi, shari'arku ɗaya? Ai bai kamata a haɗa ku ɗaki ba!"

Kafin wani ya tanka, masinja ya leƙo ya ce an kira su.

A gaban alƙali ta tsaya da ƙafarta. Gwaggo na baya tana zaro ido, ganin su biyun sun shigo kafaɗa da kafaɗa.

"Mai ƙara, ba ki da lauya?"

"Ba ni da shi, ranka ya daɗe."

"To me kike so kotu ta yi miki?"

Ta saci kallon Baban Nana, ya sunkuyar da kai yana murza hula, idanunsa jajur.

"A ɗaga mana shari'ar, ranka ya daɗe. Yau mijina ya fara magana... ni kuma ban gama saurara ba."