Zoben da Aka Ba Ni Ajiya

Tun da aka kafa birnin Melbourne ba a taɓa wulaƙanta uban amarya kamar yadda aka yi mini ba. Ni Stavros Galanis, mai gashin bakin da ake waiwaye a kalla, ni za a ajiye a teburin ƙarshe, bakin ƙofar kicin!

Ku saurara ku yi mana shari'a.

Tun tana shekara biyar 'yata Thalia take alkafura a kan siririn katakon nan na wasan motsa jiki, wanda bai fi tafin hannu faɗi ba. Sau biyu aka yi mata aiki a idon sawu. Mai gasa mata ƙafar, wani Rowan Tierney, tun yana gashi har ya kai ga sa mata zobe.

Ana haka ta ƙirƙiro wata sabuwar alkafura. A wasan nan kuwa, wadda ta fara yin abu a babbar gasa, sunan gidanta ake raɗa masa. Ga shi sun sa bikin kafin gasar duniya, za ta koma amsa sunan miji. Wato shekara goma sha takwas ina kai ta atisaye, a rubuta Tierney a littafin wasan?

Ranar gasar zaɓen 'yan wasa ta zare zoben, don ba a hawa katako da shi.

"Baba, riƙe min. Kar ka yar, na san halinka."

Na sami Rowan a wajen ajiye motoci, na sa masa a hannu.

"Ta ce ka yi haƙuri, ɗana. Wasa ne a gabanta."

Ya damƙe zoben. Yaro ne mai zuciya. Ya tattara ya koma can birnin Darwin, ya sauya lamba. Ita kuma na ce mata, "Ya zo ya karɓi abinsa."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shafa alli a hannu ta koma kan katako. A gasar duniya ta dire cak, aka rubuta Galanis. Ina ta tsalle, ita tana laluben wata fuska cikin jama'a.

Ta yi ritaya, ta buɗe wajen koyar da ƙananan 'yan mata. Manema suka yi ta zuwa, tana cewa, "Sai na ji dalili daga bakin Rowan."

Shekara biyu a haka. Ranar bikin Ista, ina juya ɗan rago a wuta, dangi sun kewaye ni, baki ya kufce mini.

"Ba don dabarata ba, ai da yanzu Tierney ake ce mata!"

Matata Voula ta ajiye faranti.

"Wace dabara, Baba?" in ji Thalia.

A ranar na ga kukan da ta ɓoye mini. Washegari ta hau jirgin Darwin. Ta tarar da zoben rataye a wuyan Rowan.

Yau a wajen bikinsu ta tako har teburina.

"Na yafe, Baba. Amma ka san yadda 'yan matana ke kiran alkafurar? Ta Anti Thalia. Ba mai iya faɗin Galanis."

"Marasa tarbiyya!" na ce, ina share ido. Hayaƙin kicin ne.

Yara, ku riƙe: mai haƙuri aka yi wa biki, mai wayo aka kai bakin ƙofa. Kuma kujerar nan, gaskiya ɗaya ce, ni na sassaƙa ta da hannuna.