Shayin Boston a Gidan Alhaji Jumare

Dariyar nan ce dai ta sake saukowa daga bene. Kaltuma ta dangwarar da tiren finjalai har suka yi ƙara.

"Kullum dariya! Sai ka ce su kaɗai suka taɓa yin aure a Madina!"

Da ƙanwarta Innayatu take, ita da mijinta Ɗahiru, ɗan Gusau da ke shekarar ƙarshe a jami'ar Musulunci. Mahaifinsu Alhaji Jumare, wanda ya zo hajji tun yana saurayi ya zauna yana kula da gonar dabino a Ƙuba, gefen Madina, shi ya ba su ɗakin sama. Ya ma amince in Ɗahiru ya karɓi takardar shahadarsa ya tafi da matarsa gida Najeriya, ko da yake da ƙyar maganar ta fito daga bakinsa.

Kaltuma kuwa tana ƙasa da nata mijin Abdou, direban bas ɗin alhazai, mutumin Maraɗi. Abdou ba mugu ba ne, Allah ya sani. Amma in ya dawo daga Makka, maganarsa ba ta wuce sallama da tambayar abinci, sai minshari. Aure ya daɗe, babu haihuwa, babu hira. To, wadda ke cikin wannan hali a ce kullum ana ƙyalƙyala dariya a saman kanta, ai zuciya sai ta yi baƙi.

A shekarar 1976 ne, rediyo ya ishi kowa da zancen Amurka ta cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci. Ɗahiru yana koyar da 'ya'yan malaman Najeriya tarihi da yamma, saboda jarrabawar da za su koma gida su zauna, kuma a kan Innayatu yake fara gwada laccarsa. Ran nan Kaltuma ta hau sama da sunan shanya, ta laɓe jikin taga.

"Yankuna goma sha uku ne," Ɗahiru ke cewa, "duk jikokin mutanen Ingila da suka ƙetare teku. Sarki yana London yana ɗora musu haraji, alhali ko wakili ɗaya ba su da shi a majalisarsa. Takarda haraji, gilashi haraji, har ganyen shayi!"

"Har shahi? Haram alaihi!" in ji Innayatu. "To suka yi yaya, Malam?"

"Suka ce sun daina shan shayin Ingila. A wani gari Boston, samari suka hau jiragen ruwa suka farfasa akwatunan shayi suka zuba a teku. Bayan 'yan shekaru suka ce su da uwar ƙasarsu, kowa ya kama gabansa."

"Ashe ranar kifaye sun sha shayi ba sukari!"

Suka kwashe da dariya. Kaltuma ta sauko idonta cike da ƙwalla. Ba Amurka ce ta dame ta ba, ita ko inda take ba ta sani ba. Abin da ya ƙona ta shi ne namiji ya zauna yana ba matarsa labari, har yana jiran jin abin da za ta ce.

Gidan yana da wata al'ada. Tun rasuwar matarsa, Alhaji Jumare da kansa yake dafa shayi bayan la'asar, ya jefa masa ganyen habaƙ, na'ana'ar nan ta Madina mai ƙarfin ƙamshi, ya miƙa wa kowa finjalinsa hannu da hannu. Ba a mayar masa da shayi. Wanda ya ƙi sha, a wurin Alhaji, shi ya ƙi.

Wata safiya Innayatu ta sami yayarta a kicin, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

"Yaya... ke ce uwata yanzu. Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Ƙamshin habaƙ ɗin Baba kuma, wallahi ina jin sa cikina ke juyawa. Ni ba zan iya buɗe baki in gaya masa ba, Malam ma kunya ba za ta bar shi ba. Don Allah ki san yadda za ki sanar da shi, kar ya ga kamar raini ne."

Kaltuma ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ga miji mai hira, ga tafiya gida, yanzu kuma ga ciki! Ta ƙaƙalo murmushi.

"Mabruk, barka, ƙanwata. Bar mini komai. In ya ba ki, ki faki idonsa ki zuba a gindin dabinon tsakar gida. Ni zan yi masa bayani."

Ta kuwa yi masa bayani, sai dai ba wanda aka aike ta ba.

"Baba, ina jin tsoron abin da ake koya wa Innayatu a sama. Kullum labarin wasu Nasara yake ba ta, waɗanda suka yi wa uwar ƙasarsu tawaye. Ka san da me suka fara? Da zubar da shayinta! Daga nan suka yanke zumunci har abada. In kana ganin sharri ne, ka sa mata ido yau."

Alhaji ya sa ido. Yana juya baya ya waigo, sai ga 'yar autarsa tana tuttular da shayin da ya dafa da hannunsa a ƙasa. Tsoho ya miƙe tsaye.

"Ɗahiru! Na ba ka 'yata, na ba ka ɗaki, sakayyata ke nan? Tun ba ku bar gidana ba ka koya mata zubar da ni? To halas, magana ta ƙare! Na janye maganar tafiya. Ka kwashe littattafanka ka koma masaukin ɗalibai. In ka gama, ka bar mata takardarta, ka tafi Gusau kai kaɗai!"

"Baba, don Allah—"

"Uskut! Rufe mini baki! Ban tambaye ka ba!"

Innayatu ta fashe da kuka ta dubi yayarta. Kaltuma ta kawar da kai tana tattara finjalai.

Ɗahiru ya kwashe littattafansa ya fita. Iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, tare da karatunsa za ta ƙare, saura 'yan makonni. Abokansa suka yi ta zuga shi ya kai ƙara wurin alƙali, ai matarsa ce. Ya ce shi ba zai tsaya da surukinsa gaban shari'a ba. Kullum da safe sai ya zo gona ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya kama masa ɗaukar kwandunan dabino. Alhaji ko kallonsa ba ya yi.

Innayatu ta rame, ba ci ba sha. Benen ya yi tsit, kamar yadda Kaltuma ta daɗe tana so. Abin mamaki, ko kaɗan ba ta ji daɗin da ta zata ba. Sai ta kai wa ƙanwarta abinci ta tarar da ita kwance fuska ga bango, ta ajiye ta fito da sauri don kar su haɗa ido.

Ranar da tikitin Ɗahiru ya fito, ya zo gidan ya tsaya a soro. Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Kafin ka tafi, ba ni labarin nan da bakinka. Ina so in ji dafin da ka zuba wa 'yata."

Ɗahiru ya ba shi tun daga haraji har zuwa Boston, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Amma akwai inda ba a kawo maka ba, Baba. Ko bayan an fara harbe-harbe, mutanen nan ba rabuwa suke so ba. Sun rubuta wa sarki koke, suna kiran kansu talakawansa masu biyayya, suna roƙo ya saurare su. Sarki ya ƙi ko karɓar takardar. Ƙin sauraron nan ne ya raba shi da su. Ni ba tawaye na zo yi ba. Ko ka ce in tafi, zan tafi ina yi maka addu'a. Abu ɗaya nake roƙo: kar ka yanke wa Innayatu hukunci ba ka ji daga bakinta ba."

Tsoho ya juya ya fuskanci cikin gida. Ya ɗaga murya ya kira 'ya'yansa duka biyu.

"Innayatu, me ya sa kika zubar mini da shayi?"

Ta rufe fuska da mayafi. Da ƙyar ta ce, "Yaya ta sani, Baba. Na aike ta."

"Kaltuma?"

Nan Kaltuma ta ga ba mafita. Ta zube tana kuka. "Juna biyu gare ta, Baba! Ƙamshin habaƙ ne ba ta so. Ni na ce ta zubar, ni na juya maganar. Hassada ce, wallahi hassada ce! Komai ita, ni ba ni da komai!"

"Innalillahi..." Alhaji ya dafe kai, hawaye na bin gemunsa. "Jikana na fari na kusa mayarwa maraya da ubansa a raye! Ɗahiru, ɗana, ka yafe mini. Ɗauki matarka, Allah ya yi muku albarka." Ya juya ga Kaltuma a fusace. "Ke kuwa—"

Innayatu ce ta tare shi. Ta rarrafa ta kama hannun yayarta.

"Yaya, da kin tambaye ni. Tun ranar da muka sani, ni da Malam muka gama magana: ɗan fari naki ne. In na yaye shi za mu kawo miki shi, ke za ki riƙe shi."

Kaltuma ta dubi cikin ƙanwarta. Ashe ɗan da ta so ta raba da ubansa, nata ne.

"Har yanzu?" ta tambaya a hankali, tana duban Ɗahiru.

"Har yanzu, Yaya," ya ce.

Sun kuwa cika alkawari. Bayan shekara biyu da ɗoriya, lokacin aikin hajji, suka sauka a Ƙuba da wani yaro mai ƙiriniya, Ja'afaru, suka ɗora shi a cinyar Kaltuma. Ta rungume shi ta yi kukan da ba ta taɓa yin irinsa ba.

Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan. Ɗahiru da Innayatu sun yi haƙuri, ba su ɗaga wa babba murya ba, Allah ya mayar musu da aurensu. Iyaye kuma su riƙa sauraron 'ya'yansu kafin su yanke hukunci. Mai hassada kuwa ya ji tsoron Allah, don sau da yawa alherin da yake ƙoƙarin rushewa, shi aka tanadar wa.