Kafin Siminti Ya Kama

"Wannan ɗakin fa? Wa ya ce a sa masa tayil mai sheƙi?"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ji ta dawo mini daga bangon gidan da babu ko labule a ciki. Daga asibiti na biyo, ko rigar aiki ban cire ba, ƙafafuna sun yi nauyi saboda tsayuwa. Sati uku ya rage a ɗaura mana aure.

Mai tayil ya ɗago daga durƙuson da ya yi, ya ajiye gudumar robarsa. Dattijo ne, ni na nemo shi, don shi ya yi mana daɓen ɗakin masu karaya a asibiti. Kafin shi mun sallami biyu. Na farko layinsa ya karkace har makaho sai ya gani, na biyu kuwa kwana ɗaya ya yi, ya kashe waya.

"'Yata, abin da angon ya sauke mini na shimfiɗa," in ji shi. "Kuma sau biyu na tambaye shi."

Ɗakin Mama ne. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, da sanda take jan ƙafa, ni ke kai ta banɗaki, ni ke dawo da ita. Yayana yana can nesa, gudummawarsa ita ce saƙon murya mai cike da addu'a. Tun ranar da masoyina ya ce yana so na na faɗa masa ni da Mama tare muke, inda na je nan za ta je. Ya dafa ƙirji ya ce uwata uwarsa ce.

Ina tsaye ya shigo, farar rigarsa ta ofis ko ƙura babu, yana murmushin nan da ya saba kashe mini jiki da shi.

"Likitata! Kin ga yadda falo ya fito? Har fuskarki za ki gani a ƙasa."

"Na gani. Na ga ɗakin Mama ma."

Murmushin ya ragu.

"Ai... iri ɗaya na saya, don gidan ya tafi bai ɗaya."

"Mun yi magana da kai. Mai kaushi muka ce, ɗakinta da banɗakinta."

"Haba rabin raina, duk tayil tayil ne. Sai a shimfiɗa mata darduma."

Mai tayil ya nufi bokitinsa. Ya ɗebo ruwa a kofi ya watsa a kan layin da ya riga ya bushe a bakin ƙofa.

"Ango, cire takalmi ka taka. Haka nake yi wa duk wanda na yi wa aiki."

Ya cire yana dariya. Taku ɗaya ya yi, ƙafar ta zame, da bai cafki ƙofa ba da sai dai mu kwashe shi. Ƙato mai ƙafa biyu lafiyayyu! Da wata rana ce, da na yi masa dariya har da hawaye. Ranar ko murmushi na kasa.

"Ka gani?" na ce a hankali. "Yanzu ka sa Mama a wurin."

Ya sunkuyar da kai yana kallon babban yatsansa.

"Masoyi, mantawa ka yi? In mantawa ce ka faɗa mini, wallahi zan yafe. Ni ma ina mantuwa."

"Ban manta ba."

Na jingina da bango.

"Yaya Babba ce..." ya fara. Yayarsa ke nan, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta yi masa karatu. "Ta ce ba za ta zuba ido in fara aure da jinya ba. Ta ce a nema wa Mama mai kula da ita a can gidanku, mu riƙa zuwa. Wata biyu ina neman yadda zan faɗa miki... na kasa!"

"Shi ne ka sayo tayil ya faɗa mini."

"Na ɗauka in kin ga ɗakin, ke da kanki za ki ce bai dace da ita ba. Shi ke nan ba sai mun yi faɗa ba."

Ban ji fushi ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda barci ba ya maganinta. Ina son mutumin nan. Shi ke jira na a ƙofar asibiti in an tashi, shi ya koya wa Mama danna waya da hannun hagu. Kuma ga shi ya tsaya a bayan kwalin tayil yana ɓuya.

Mai tayil ya yi gyaran murya.

"Ku yi haƙuri in sa baki a abin da ya shafi aikina. Na cikin ɗakin nan ɗazu na shimfiɗa, siminti bai kama ba. Daga yanzu zuwa la'asar zan iya ɗaga shi ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba zai fashe ba. In ya wuce haka, sai dai guduma. Mai gida ke da magana."

Ya koma gefe yana wanke cokalinsa a bokiti.

Na zauna a kan kwali. Ban roƙi masoyina ba, na gaji da roƙo. Ya fita da waya a kunne, na hango shi ta taga yana kai da komo, yana "To Yaya... na ji Yaya..." Ya dawo, ya tsuguna a gabana, ya sake tashi. Rana ta bar taga ta koma bango.

"Ango, lokaci fa," in ji mai tayil.

Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Likitata, ki fahimce ni... ita ce uwata, ita ce ubana."

"Na fahimta. Ni ma tawa ce."

Ya juya ya kalli ɗakin, ya daɗe yana kallo. Da ya buɗe baki, ba da ni ya yi magana ba.

"Baba, a bar shi ya bushe."

Na ciro makullin gidan daga jakata na ajiye a kan kwalin. Ya kira ni sau biyu, ban juya ba, don na san in na juya zan zauna. Sai da na shiga mota hawayen suka zo, suka raka ni har gida.

Na wanke fuska a famfon tsakar gida kafin na shiga. Mama na zaune a bakin gado, ta riga ta jawo sandarta.

"Yaya gidan naku, an gama?"

"An gama, Mama."

Ta dubi idanuna, ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙo mini hannunta mai lafiya.

"Zo ki kama ni, tun ɗazu nake jiranki."