Kowa Ya Taso Mu Tafi

Mai muka fita nema a yammacin nan, ba wani abu ba. Allurar man babur ɗin ta kwanta tun rana na sama, aka ce mana in mun gangara daga gonakin gahawa za mu tarar da wata mata mai sayar da fetur a kwalba. Uden ne ke tuƙi. Ni ina baya, da jaka a cinya da ɗan kwandon shinkafarmu rataye a kafaɗa. Ba mu kai ko'ina ba ruwa ya tsuge.

Daminar da muka gama makaranta ce. Uden ya ari babur ɗin kawunsa, muka bar garinmu Pakse muka hau tudu, ba tare da mun san inda za mu ba. Mun kwana a gidajen ibada, mun kwana a ƙarƙashin gidajen mutane da aka kafa a kan sanduna, tare da kajinsu. Mun yi wanka a duk inda ruwa ke faɗowa daga dutse. Uden gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa, kuma kowane ƙauye muka shiga sai ya sami yarinyar da zai rantse ita zai aura, kafin mu kai ƙauye na gaba ya manta sunanta. A lokacin nakan yi dariya har in riƙe ciki. Na faɗi wannan ne don waɗanda suka san ni yanzu ba za su yarda ba.

Ranar da za mu tashi, kakar Uden ta zaunar da mu gaban tire mai ƙwai da ayaba da furanni, ta ɗaura wa kowannenmu farin zare a wuyan hannu don kurwarmu ta zauna a jiki. Kowa a wajenmu ya san halin kurwa. Yawo gare ta kamar akuya, in ta ga wuri mai daɗi sai ta tsaya kiwo ta bar mai ita ya yi gaba.

"Duk inda kuka zauna kuka ci abinci, in za ku tashi ku kira kurwarku," in ji Kaka. "Kowa da sunansa. Kada ku yi mini kiran kasuwa. Hanya ba ku kaɗai ne a kanta ba."

"To Kaka, in tawa ta ga budurwa ta ƙi tasowa fa?" in ji Uden.

"Sai ka bar ta. Ta fi ka hankali."

Uden ya mai da kiran nan aikinsa. Duk inda muka tashi sai ya kama kunne ya yi kamar yaron mota a tasha: "Kurwar Uden, kurwar Tongbai, a taso a taso, mota za ta tashi!" Mutane su yi ta dariya. Amma bai taɓa tsallake shi ba, ko da ƙosan ayaba muka tsaya ci a bakin titi.

Da ruwan ya yi ƙarfi sai muka hangi wata rumfa a kan kwana, irin wadda ake yi wa matafiya, rufin kwano da benci biyu na katako. Muka tura babur ciki. A gefenta akwai ɗan ƙaramin ɗaki a kan sanda, wanda ake kafa wa mutumin da hanya ta ci. Fentinsa ya koɗe. Kwalbar lemon da aka ajiye masa ta cika da ruwan sama da matattun ƙwari. An daɗe ba wanda ya leƙo shi.

Muka buɗe kwando. Shinkafar ta yi sanyi ta yi tauri, muka ci da busasshen nama da sauran dakan barkono. Kwano na ta ƙara a kanmu. Kwaɗi sun cika dajin da kuka. Uden yana ba ni labarin wata mai tsinkar gahawa da ta kalle shi sau biyu, ni ina ce masa tumbinsa take kallo, tana lissafin ko buhu ne aka sace musu.

Ruwan ya tsagaita dab da faɗuwar rana. Haske ya koma ruwan toka. Sai na ji ƙamshin turaren tsinke, sabo, kamar yanzu aka kunna. Na dubi ɗan ɗakin nan. Ba hayaƙi.

Uden ya jiƙe sharkaf, haƙoransa na kaɗawa. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ɗaga murya ba tare da ya kama kunne ba.

"Kai, kowa ya taso mu tafi, duhu na yi."

Kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, lokaci guda.

"Ba ka faɗi suna ba," na ce masa.

"Sun san kansu mana." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya dube ni. Ya yi sauri ya ƙara, da ƙaramar murya: "Kurwar Uden. Kurwar Tongbai."

Bencin da ke bayanmu, wanda ba mu zauna a kai ba, ya yi ƙara. Irin ƙarar da katako ke yi in mai nauyi ya tashi daga kansa.

Uden ya buga babur, ya tashi a bugu na farko. Na hau. Muka fito kan kwalta.

Ba mu yi nisa ba bayan babur ɗin ya nutse.

Na ji shi a ƙashin bayana. Sanyi, da danshi, kamar an jingina mini jiƙaƙƙen buhu. Warin laka ya zo, da na tsohon jini, da turaren nan a ƙarƙashinsu.

"Matsa baya, mutumina, ka danne ni," in ji Uden.

"Ba wuri a baya."

Na ga wuyansa ya sandare. Da raɗa ya yi magana.

"Kar ka waiwaya."

Hanyar ta fara gangara. Bishiyoyi sun haɗe a sama, ruwa na ɗiga daga ganye. Babur ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Man ya ƙare. Muka ci gaba da gangarawa a kashe, ba abin da ake ji sai taya kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Da numfashi. Ba nawa ba, ba na Uden ba. Yana fita da ƙyar, yana ɓulɓula, dab da kunnena na hagu.

"An kira ni," in ji mai numfashin.

Muryar saurayi ce. Ba fushi a cikinta. Kamar ma murna yake yi.

Fitsari ya zubo mini, mai zafi, har cikin takalmi. Na ƙanƙame rigar Uden.

Can ƙasa aka buga ganga. Gangar yamma ta gidan ibada, mai zurfin murya, bugu ɗaya sannan shiru, sannan wani.

"Ka ji?" in ji Uden. "Akwai mutane. Riƙe ni. Mun kusa."

Wani hannu ya zagayo ta gefena ya kama wuyan hannuna na hagu. Yatsun sun yi laushi kamar na wanda ya daɗe cikin ruwa. Bai matse ni ba. Ya lalubi zaren Kaka, ya sami ƙullin, ya fara tsinkarsa da farce, a natse, yadda mace ke tsince tsakuwa a shinkafa.

"Uden. Zaren."

Ya saki hannu ɗaya daga kan babur ya miƙo baya, ya damƙi hannuna a kan zaren. Babur ya yi layi. Na ji yatsunsa masu ɗumi, na ji waɗancan suna aiki a ƙarƙashinsu.

"Yi magana, Tongbai. Zage ni. Ce mini buhu."

Na kifa goshina a bayansa.

"Ce mini buhu mana."

Gangar ta matso. Na hangi farar katanga, da fitila guda a ƙofa.

Ƙullin ya kwance.

Ba zafi. Mutane kan tambaye ni wannan, kuma ba sa son amsar. Kamar dai ka sauke kaya daga ka. Tsoron da ya cika ni ya zube ƙasa gaba ɗaya. Na zauna a kan babur ɗin ina kallon ƙeyar Uden, ina jin sanyin wandona, ba abin da ya dame ni.

Muka daki bakin ƙofar, muka zube cikin taɓo. Nauyin ya sauka. Uden ya rarrafo ya kama fuskata yana jijjiga ni, sannan ya daina, ya dubi bayana. Ni ma na juya.

Mutum biyu na hawa tudun, a tsakiyar kwalta, cikin sauran hasken da ya rage. Na gaba wuyansa a karkace yake, takalmi ƙafa ɗaya. Na baya dogo ne siriri, da shuɗiyar riga irin tawa, da ɗan kwando a kafaɗa. Farin zare ya haɗa hannuwansu.

Uden ya zabura da gudu yana ɗingishi. "Kurwar Tongbai! Tongbai! Dawo, mota za ta tashi! Dawo!" Muryarsa ta fashe.

Mai shuɗiyar rigar ya tsaya. Ya juyo. Ya san muryar, har ya yi murmushi, irin wanda nake gani a tsofaffin hotunana. Ya ɗaga ƙafa zai dawo. Sai zaren ya miƙe, ya juya ya bi. Kwana ta haɗiye su.

Wani tsohon malamin gidan ibadar mai rawayan mayafi ne ya fito ya riƙe Uden, da ƙarfin da ba ka zata a jikin tsoho ba. Ya saurari labarin a tsaye, yana duban wuyan hannuna, inda zaren ya bar farin zobe a fata.

"Kai ka kira shi, ɗana?"

Uden ya gyaɗa kai yana kuka.

"Shekaru yana zaune a can, ba wanda ya ce masa taso. Baƙon da aka gayyata ba ya komawa hannu banza."

Aka ba mu tabarma da shayi. Na sha, na kwanta, na yi barci har safe. Uden bai runtsa ba.

Kaka ta yi iya yinta. Ta tara tsofaffi, aka yanka kaza, aka yi ta kira, aka ɗaura mini zare har gwiwar hannu. Ba abin da ya dawo. Abinci ya zama abinci kawai. Na sami aiki wajen masu sayen gahawa, na yi aure, na haifi 'ya'ya mata biyu. Ina biyan kuɗin makaranta, ba na dukan kowa. In mutane na dariya nakan buɗe baki tare da su. Ranar da aka miƙo mini 'yata ta fari na lura tana da nauyi, na lura tana da ɗumi, na mayar wa ungozoma.

Uden ne ya ɗauki abin. Bai sake kwaikwayon yaron mota ba. Kowace damina sai ya hau babur ya tafi rumfar nan shi kaɗai, ya gyara ɗan ɗakin, ya sa sabon lemo, ya zauna har yamma yana kiran sunana. Ya dawo ya zo gidana ya tsaya yana duban idona.

"Yaya? Ka ji wani abu?"

"Ka bar wahalar da kanka," nakan ce masa. "Ban riƙe ka da komai ba."

"Na sani. Ai da ka riƙe ni da na ji daɗi."

Bara ciwon hanta ya ɗauke shi. Ranar da aka ƙona gawarsa bisa al'adarmu ina tsaye ina tunanin ko na kulle shago, har matata ta mintsine ni ta ce in sunkuyar da kai, mutane na kallo.

Daminar bana aiki ya bi da ni ta hanyar, ni kaɗai a mota, dab da faɗuwar rana. Ana yayyafi. Da na iso kwanar sai na rage gudu, na tsaya.

Su biyu ne a rumfar, kwando a tsakaninsu. Gajeren mai tumbi yana ba da labari da hannuwa biyu. Dogon mai shuɗiyar riga ya riƙe ciki, ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Mai karkataccen wuyan ban gan shi ba. Zare ma babu a hannun kowa.

Na sauke gilas. Na san kalmomin, kurwa da suna, shi ke nan. Ba mai riƙe da shi yanzu. In na kira zai taso ya shigo motar, in koma gida in ɗauki 'ya'yana in ji abin da ake ji. Sai kuma Uden ya rage shi kaɗai a kan bencin nan, bayan duk daminun da ya kwashe kafin ya kai ga abokinsa.

Na daɗe da baki a buɗe. Yayyafi ya jiƙa mini hannun riga. Sannan na ɗaga gilas, na sa giya.

Da na isa gida matata ta karɓi jakata a ƙofa.

"Ya hanya?"

"Lafiya," na ce. "An yi ruwa."