Wa Ke Riƙe da Ƙarfen?

Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma Sigve, manajanmu, ya leƙo ɗakin shan kofi. Watan Nuwamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa da wuri a ƙasarmu, duhu ya riga ya fara sauka a kan teku.

"Eilif, akwatin baturan nan ya sake fara kuka. Je ka rufe masa baki kafin ka tashi."

"In rufe masa baki, ko in duba abin da ke damunsa?"

"Kai dai ka cika tambaya kamar ɗan sanda. Kashe ƙarar kawai, mutane na son tafiya gida."

Na ajiye kofina, na ɗauki jakar aiki. Ranar Litinin ɗin nan na dawo, bayan wata biyu ina jinyar baya.

Shekara ashirin da shida ina gyaran lantarki a masana'antar nan, inda muke yanka fallayen ƙarfe na ƙera jiragen ruwa. Ba da sarƙa muke ɗaga su ba. Mayen ƙarfe ne mai aiki da wuta, rataye a injin ɗaga kaya. In da wuta ya riƙe, in babu ya saki. Wutarmu kuwa ta kan duwatsu take biyowa. Iska ta kaɗa waya, ko reshe ya taɓa ta, sai ƙarfinta ya faɗi ya dawo, bai kai ƙiftawar ido ba. A gida kwan fitila ne zai yi ja, shi ke nan. A wurinmu ƙarfe mai nauyin tan takwas ne zai sauko.

Arnfinn, abokin aikina, ya yi shekara biyar yana rubuta takarda a sa mana baturan tallafi, waɗanda za su karɓi mayen a wannan ɗan taƙin. Har Sigve ya sa masa suna Baba Batir, mu ma muna taya shi dariya. Shekara uku da suka wuce wuta ta ƙifta, falle ya sauko a kan Arnfinn. Ina tsaye ina gani. Da masu bincike suka zo, aka miƙo mini takarda mai cewa ya tsallake layin rawaya, ya shiga inda aka hana tsayawa. Sigve ya ara mini bironsa. Na sa hannu.

Bayan wata biyu aka kawo baturan.

Ɗakinsu yana can ƙarshen zauren aiki, bayan tarin ƙarfe. Iska na dukan kwanon rufi. Sauran ma'aikata sun tafi canza kaya, sai Solfrid, mai tuƙa injin, tana can sama a ɗan kejinta tana kwashe fallayen ƙarshe na ranar.

Ina buɗe ƙofa, ƙarar ta tsaya da kanta.

Sanyin ɗakin ya fi na waje. Warin kuma ba na batir ba ne. Warin rigar ulu ce da ruwan sama ya jiƙa, da na tabar nan da ake cusawa ƙarƙashin leɓe. Ni ba na sa ta. Tun da muka binne Arnfinn babu mai shigowa nan da ita.

Na ɗora mita a kan batir na farko. Babu komai. Na biyu, babu. Na goma, babu. Duk sun kumbura, sun mutu murus. Na haska babban makunnin na'urar. A kashe yake, an sa masa kwaɗo, da ɗan kati a rataye: "A jira sabuwar shekara. S." Kwanan watan da ke jiki ya kai mako bakwai.

Mako bakwai mutane na kai da kawo a ƙarƙashin mayen nan, babu abin da ke tare musu.

Na danna allon da ke rubuta duk faɗuwar wuta. Sau goma sha ɗaya cikin makonnin nan. A gaban kowace, kalma biyu: an riƙe.

Da me?

Na zaro rediyon oba-oba. "Solfrid, sauke abin da ke sama. Yanzu yanzu."

Shuuu kawai.

"Solfrid!"

Sai na ji numfashi. A hankali, da nishi, irin na wanda aka ɗora wa kaya aka manta da shi. Na manna rediyon a kunne. Ba daga ciki yake fitowa ba.

Daga bayana yake.

Ban juya ba. Gilashin akwatin ne ya nuna mini. Hular kwano, lotsattsiya ta gefe guda. Kafaɗa ɗaya ta sauka har kusa da ƙugu. Hannuwa biyu, babu safar hannu, sun damƙe sandunan tagullar da ke jikin bango, inda ko ɗan yatsa ka kai sai an kwashe ka a toye.

Hannuwan na rawa.

"Eilif."

Raɗa ce, amma na ji ta har a haƙorana.

"Na gaji."

Ban san yadda na fita ba. Na tsinci kaina a zauren ina gudu, ina ɗaga hannuwa. Solfrid ta ba ni baya, kunnuwanta a toshe. Fallen yana tahowa a sama, faɗinsa kamar rufin gida, yana lilo kaɗan kaɗan. Hanya ɗaya ce zuwa jan maɓallin tsayar da injin, kuma ta ƙarƙashinsa ta bi.

Na tsallake layin.

Fitilu suka yi ja.

Ba su dawo ba.

Injin ya tsaya cak, fallen daidai kaina. Ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa, kamar an zuba su cikin siminti. Warin jiƙaƙƙen ulu ya rufe ni.

"A ina nake tsaye a ranar nan?"

"Arnfinn, don Allah..."

"A ina?"

Gunjin mayen yana raguwa. Garin tsatsa na zubo mini a fuska. Wani abu ya yi ƙas a sama.

"A waje," na ce. "Bayan layi kake. Ƙarya na yi."

"Da ƙarfi."

Na buɗe maƙogwaro. "Bayan layi kake! Fallen ne ya zame ya same ka! Ni na sa hannu a kan ƙarya!"

Iska ta ɗauke.

"To, yi gudu."

Na yi tsalle ɗaya, na faɗi rub da ciki.

Ƙasa ta daka ni a ƙirji. Gilasan tagogi suka zube. Da ƙura ta lafa, na ga gefen fallen ya danne dunduniyar takalmina na hagu. Sai yanka takalmin aka yi aka zaro ni. Solfrid ta sauko tana kuka, ta ce a lissafinta wutar ta yi daƙiƙa ashirin a ƙasa. Mayen nan ko rabin daƙiƙa ba ya iya riƙewa in babu wuta.

Masu bincike suka sake zuwa. Kafin su iso, katin da ke jikin kwaɗon ya ɓace. Aka duba takardu, aka ga kula da baturan yana wuyan ma'aikacin lantarki, wato ni. Na nuna musu takardar asibiti, suka ce da na bar wa wani amana a rubuce. Na ce ina so in janye shaidar da na bayar shekara uku da suka wuce, wani saurayi mai tabarau ya ce an daɗe da rufe wannan maganar, kuma mutumin da ya bugu a ka gara ya huta tukuna. Aka sallame ni kafin Kirsimeti. Sigve yana nan. Na ji an sa sababbin batura, har ya yi jawabi a kan tsaron rai.

Da na fara takawa da sanda, na rubuta gaskiyar a takarda, na kai wa Magnhild, matar Arnfinn. Ba ta ce in shigo ba. A bakin ƙofa ta karanta, ta ninke.

"Wannan ai kowa ya sani, Eilif. Har mai kawo wasiƙa ya sani. Me ya taso da kai yau?"

Na gaya mata duk abin da na gani. Na zaci za ta ce na haukace. 

"Ka ji muryarsa?"

"Na ji."

Ta gyaɗa kai, ta kama mariƙin ƙofa.

"Shekara talatin ina roƙonsa ya dawo gida da wuri. Yanzu ma da ya sami hanyar dawowa, wurin aiki ya koma."

Ta rufe ƙofar a hankali.