Ruanar da Ismenia Ta Saƙa

Ranar da Ovidio ya fara ganin Ismenia, tsohuwar jif ɗinsa ce ta mutu a dandalin Socha. Aikinsa kwasar baƙi masu yawon buɗe ido daga Paipa, ya bi da su hanyar da Janar Bolívar ya ratsa da sojojinsa, Gámeza, Tasco, Socha, kowane gari a tsaya a ɗauki hoto. Yana hura hannu saboda sanyi, sai muryar Ismenia ta fito daga rumfar saƙa, tana ce masa sumercé, wato ranka ya daɗe a bakin mutanen yankin.

"Sumercé, motar ce ke rawar ɗari ko mai motar?"

"Mu biyun ne," in ji shi. "Amma ita ta girme ni."

Ta miƙo masa ruwan panela, wato mazarƙwaila, mai zafi. Tun daga ranar, motar nan ba ta sake wuce Socha ba tare da ta sami dalilin tsayawa ba.

Yana kiranta 'yar tunkiyata, don kullum da ulu a gashinta. Ita kuma direban matattu take ce masa, saboda yawan mutuwar jif ɗinsa. Wata huɗu ta yi tana saƙa masa ruana, bargon ulu mai ƙofar wuya, baƙa da jan zare ɗaya a gefe. A gidansu mace ba ta saƙa wa namiji jan zaren nan sai wanda ta zaɓa.

Mahaifinta, Don Nemesio, bai so ba.

"Mija, 'yata, mutanen hanya wucewa suke yi. Kakanninmu sun tuɓe tufafinsu a coci sun ba sojojin Janar da suka sauko daga dutse tsirara. Waye a cikinsu ya dawo? Ga Arcesio nan da motocin gawayinsa, ƙafarsa a garin nan take."

Sai kuma Ovidio ya yi abin da ya yi. Wata safiya a can saman dutse, wata baƙuwa daga bakin teku ta fara karkarwa, leɓenta ya yi shuɗi. Bai yi tunani ba, ya cire ruanar ya rufa mata. Ta ɗauki hoto a ciki tana murmushi, kanta a kafaɗarsa, ta hau motar Tunja da abin a jikinta. Ko lambarta bai karɓa ba. Kafin kwana uku Arcesio ya tsinto hoton, ya nuna wa duk wanda ke da ido a Socha.

Saƙonta ya zo gajere: "Wata huɗu na yi a kanta. Kai minti nawa ka yi?"

Ya rubuta: "'Yar tunkiyata, sanyi take ji. Ban ma san sunanta ba. Na yi wauta, amma ba irin wadda kike zato ba."

Ya sake rubutawa: "Ba zan ƙara sa ruana ba sai wadda ta fito daga gidanku."

Ta karanta, ta ajiye wayar.

Damina ta zo ta zabtare hanya kusa da Tasco, baƙi suka daina zuwa. Jif ta zauna a ƙofar gida, kaji suka maida ita ɗaki. Ovidio yana yawo da riga ɗaya shara-shara a ƙasar da ko jaki ake rufa wa buhu. Tari ya kama shi ya ƙi saki.

"Sa ta babanka mana," in ji mahaifiyarsa, Doña Hermencia. "Mutuwa za ka yi don yarinyar da ake auna wa rigar aurenta da Arcesio?"

"Na riga na faɗa, Mama."

"Ka faɗa wa waya. Waya ba ta zuwa jana'iza."

A watan Yuli Socha ke tuna ranar tufafi. Samari su shafa taɓo, su sauko daga dutse ba takalmi kamar sojojin Janar, mutanen gari su tare su a ƙofar coci, kowa ya cire tufar jikinsa ya rufa wa ɗaya. Ovidio ya taka da ƙafa ya zagaye zabtarewar, ya shiga layin sojojin. Bai sa rai da komai ba. So yake kawai ya ganta kafin ta zama ta wani.

Aka rufa wa na gabansa, aka rufa wa na bayansa. Shi kowa ya kauce masa, don an san shi. Ya tsaya yana tari, haƙarƙarinsa a waje. Ismenia na gefe kusa da Arcesio, idonta a ƙasa.

Don Nemesio, wanda ya shekara ashirin yana jawabin ranar, yana cikin cewa, "Garin nan bai tambayi sunan mai jin sanyi ba," sai idonsa ya sauka kan Ovidio. Ya daɗe yana kallon yaron. Ya sauko daga matakala a hankali.

"Matar nan, da gaske ba ka san sunanta ba?"

"Ban sani ba, sumercé."

"Sakarai," in ji tsohon. "Irin sakarcinmu ne kuwa."

Ya kama bakin ruanarsa zai cire, Ismenia ta riƙe hannunsa.

"Bari, Baba. Taka ta tsufa."

Ta cire tata ta zura wa Ovidio ta kai. A gefenta akwai jan zare, sabo, ɗinkin bai ma kwanta ba.

"Yaushe kika sa shi?"

"Ranar da na ji kana tari. Yi shiru, direban matattu, mutane na kallo."

A watan Disamba aka ɗaura auren a cocin nan. Hanya ba a gyara ta ba har lokacin, Ovidio ya koma tsefe ulu a rumfar surukinsa, tarin ma bai gama barinsa ba. Doña Hermencia ta ɗora hannu a kansu ta ce Allah ya raba su da sanyin da ba mai rufa musu. Don Nemesio ya ce amin, sannan ya ja angon gefe.

"Wannan kuma in ka bayar, ka dawo da sunan mutum."