Ruwan Rijiya a Kwanon Kaka

Ina farawa da neman afuwar yara da malamansu. Hannuna bai goge da alƙalami ba, domin sai da na girma na koyi rubutu. Ga labarin, iyakar iyawata.

An haƙa sabuwar rijiya a wata makaranta. Yara suka yi ta tsalle, don sun huta da ɗauko ruwa daga nesa. Amma Malam ya ce ba wanda zai sha sai an gwada ruwan.

A aji biyar akwai wata yarinya da gwaggonta ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, tana neman gubar dalma a cikin ruwa. Gwaggo ta ba ta kwalba mai murfi.

"Ki cika ta a rijiya, ki kawo mini gobe. Kada ki juye a cikin komai, kin ji?"

"Na ji, Gwaggo."

Da yarinyar ta ɗebo ruwan ta isa gida, ta ɗaga kwalbar, sai ta ga 'yar laka a ruwan. Ta ce a ranta, "Wayyo, rijiyarmu za ta faɗi jarrabawa!"

Kakanta masunci ne. Yana da tsohon kwano da yake zuba guntayen dalma, waɗanda yake ɗaura wa raga don ta nutse. Ta kwashe dalmar, ta juye ruwan a kwanon, ya kwana. Da safe laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Ta mayar da shi kwalba tana murna.

Malam ya raka ta wurin Gwaggo. Gwaggo ta sa safar hannu, ta zuba ruwan a gilashi mai kama da mazurari, ta ƙara wani koren sinadari.

Ta ce, "Wannan ba ya haɗuwa da ruwa, kamar mai yake, sai dai shi ƙasa yake kwanciya. Idan akwai dalma, zai kwashe ta, ya koma ja."

Ta girgiza, ta ajiye. Sinadarin ya ware, ya kwanta a ƙasa, ja wur! Gwaggo ta gwada launinsa da jerin 'yan kwalaben awo masu launi daga kore zuwa ja, ya yi daidai da wadda ta fi ja.

Malam ya dafe kai. "Shi ke nan, sai a rufe rijiyar."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Malam, kada a rufe! Ni ce na juye ruwan a kwanon dalmar Kaka, don ya yi haske."

Gwaggo ta dube ta, sai dariya ta ƙwace mata. "Ashe kwanon Baba na gwada, ba rijiya ba! 'Yar nan, laka ido yana ganinta. Dalma kuwa a ruwa mai haske ma tana ɓuya."

Suka koma rijiya tare, suka ɗebo wani ruwan. Yarinyar ta riƙe kwalbar da hannu biyu, ko murfin ba ta taɓa ba. Gwaggo ta zuba sinadarin, ta sake girgizawa. Sinadarin ya kwanta, kore shar!

Da labari ya isa makaranta, yara suka kewaye rijiya suna tafi.

Da yamma Kaka ya ce, "Uwargida, an ce kwanona ne ya faɗi jarrabawa?"

"Ya faɗi warwas, Kaka! Gwaggo ta ce ka riƙa wanke hannu kafin ka ci abinci."

"To, na bi umarnin likita," in ji shi, yana dariya.

Yara, idan aka ba ku abin gwaji, ku kai shi yadda yake, kada ku yi masa ado. Idan kun yi kuskure, ku faɗa da wuri.

Inda alƙalamina ya kauce, ina roƙon mai karatu ya gyara mini.